Laka ko Tsakuwa: A Wace Ƙasa Za a Dasa Badon Tafkin Lambu?

A shekarar 1893, mai zanen nan na Faransa, Claude Monet, ya sayi wani fili mai dausayi a ƙauyen Giverny, tsallaken layin dogo daga gidansa, ya nemi izinin karkato ruwan wani rafi don ya haƙa tafki. Mutanen ƙauyen suka yi masa ca, suna tsoron kada baƙin tsirran da zai zuba su gurɓata ruwan da dabbobinsu ke sha. Daga baya ya samu izini. A 1894 ya aika wa Joseph Bory Latour-Marliac, wani gwanin renon bado da ya kafa gonarsa a kudu maso yammacin Faransa tun 1875, cewa ya aiko masa da iri. Daga wannan ɗan tafki Monet ya fitar da zanen bado kusan 250.

Mai kallon zanen, fure yake gani a saman ruwa. Mai lambu kuwa hankalinsa na can ƙasa, inda saiwa take. Duk wanda ya taɓa gina ɗan tafkin ado a tsakar gida, na siminti ne ko na leda, ya san ranar da tambayar ke zuwa: ga ruwa, ga tsiro a hannu, to a cikin me za a dasa shi? A nan masu wannan sana'a suka rabu gida biyu. Wasu sun ce laka, irin mai nauyin nan ta fadama. Wasu sun ce kada laka ta kusanci ruwan, a yi da tsakuwa da yashi wankakke. Kowane ɓangare yana da tafkunan da zai nuna, kuma kowane yana da labarin tafkin ɗan'uwansa da ya lalace.

Abu ɗaya ne ba su saɓa a kai ba. Ƙasar buhu da ake sayarwa don tukwanen furen kan tudu ba ta da wurin zama a tafki. An haɗa ta ne da ruɓaɓɓun ganyaye da ɓawon itace da wasu fararen ƙwayoyi marasa nauyi, don iska ta ratsa ta. Da ta shiga ruwa sai ta taso sama, ruwan ya yi kalar shayi, abin da ya nutse kuma ya shiga ruɓewa. Daga nan ne hanya ta rabu.

Abin da masu laka ke cewa

Hujjarsu ta farko ita ce bado da kansa. A fadamun Haɗejiya da Nguru, da tafkunan da damina ke cikawa a ƙasar Hausa, ba wanda ya taɓa ganin bado ya kafu a kan tsakuwa. Gindinsa na cikin laka baƙa mai danƙo, wadda in mutum ya taka sai ta riƙe masa takalmi. Daga can yake miƙo dogayen hannuwa zuwa saman ruwa. Suka ce tsiron da ya shafe dubban shekaru yana rayuwa a haka, ba mai lambu ne zai sake masa ɗabi'a ba.

Hujja ta biyu nauyi ce. Gindin bado yana da ƙofofin iska a cikinsa, saboda haka son tasowa yake yi. Ganyensa kuma fatai-fatai ne, iska na kaɗa su, suna jan saiwa. Laka ce ke danne shi ta riƙe. Haka ma dogayen tsirran bakin ruwa: in tukunyarsu ba ta da nauyi, guguwar farkon damina ɗaya ta isa ta kifar da su.

Ta uku kuwa ta ilimin ƙasa ce. Ƙwayar yumɓu ƙanƙanuwa ce ainun, ba ta kai kashi 2 cikin 1,000 na milimita ba, kuma tana da wata ɗabi'a ta kama sinadaran abincin tsiro ta riƙe a jikinta, kamar yadda maganaɗisu ke kama allura. Saiwa na zuwa ta karɓa a hankali. Tsakuwa ba ta da wannan. Abin da aka zuba mata na taki, ta tsakankaninta zai bi ya fita cikin ruwa. Don haka masu laka ke cewa su ne ma masu kare ruwan: abincin na kulle a rumbu, ba a watse a tsakar gida ba.

Suna kuma da tarihi a bayansu. Ƙaton badon nan na kogin Amazon, wanda faɗin ganyensa ke kusan kai mita 3, an fara samun furensa a Ingila a 1849, a gidan sarauta na Chatsworth, a hannun Joseph Paxton, wanda har ya ɗora 'yarsa a kan ganye guda don mutane su gani. A tulin ƙasa mai ƙarfi ya dasa shi a tsakiyar tanki mai ɗumi. Tsiron da ke fitar da irin wannan ganye cikin 'yan makonni, ci yake yi ba na wasa ba. Ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, RHS, har yau shawararta ga mai dasa bado ita ce ƙasa mai nauyi, ko ƙasar da aka haɗa musamman don tsirran ruwa, wadda ita ma asalinta yumɓu ne da turɓaya.

Martanin masu tsakuwa

Su kuma suka ce a dakata. Tafkin fadama daban, kwarmin siminti mai faɗin tabarma uku daban. Fadama na da faɗi, ruwa na shiga yana fita, ambaliya na wanke ta duk shekara, rani na busar da ita rana ta gasa lakar. Tafkin gida kuwa kamar randa yake. Abin da ya shiga ya zauna ke nan.

Babbar shaidarsu daga Kanada take. A 1973, masanin ruwa David Schindler da abokan aikinsa suka raba wani tafki a lardin Ontario, mai lamba 226, gida biyu da labulen roba. Duka ɓangarorin an zuba musu sinadaran naitirojin da kabon, amma ɓangare ɗaya kawai aka ƙara wa fosfaras, wato sinadarin da manoma suka sani a takin supa. Cikin watanni wannan ɓangaren ya koma kore shar da gansakuka, ɗayan kuwa ya zauna garau. Hoton da aka ɗauka daga sama ya zaga duniya, ya taimaka wajen sa ƙasashe da dama su rage wannan sinadari a garin sabulun wanki. Darasin da masu tsakuwa suka ɗauka shi ne, abu kaɗan ke kore ruwa, kuma ƙasar lambu, musamman wadda aka shekara ana zuba mata kamfa ko kashin kaji, cike take da shi.

Sun kuma ƙalubalanci maganar cewa laka rumbu ce mai kulle. Gaskiya ne, in ji su, ƙarfen da ke cikin ƙasa yana riƙe fosfaras, amma sai in akwai iska. Da ƙasa ta kwana biyu a ƙarƙashin ruwa, ƙwayoyin halittar da ke cin ruɓaɓɓen abu sukan shanye iskar da ke cikinta. Daga nan ƙarfen ya sauya hali, ya saki abin da ya riƙe. Wannan ne ya sa wanda ya ɗago tsohuwar tukunya daga gindin tafki yakan ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ya ga lakar ta yi baƙi ƙirin.

Ƙungiyar Freshwater Habitats Trust ta Birtaniya, mai aikin kare ƙananan ruwaye, tana wannan ɓangare. Shawararta ga mai son tafkin da kwaɗi da ƙwarin ruwa za su zauna ita ce kada ya zuba ƙasar saman gona, ya shimfiɗa yashi ko tsakuwa mai tsabta, ya cika da ruwan sama. A Ostiriya ma, inda aka fara gina tafkunan wanka marasa magani a shekarun 1980, tsirran da ke tace ruwan a cikin tsakuwa ake dasa su da gangan. Manufar ita ce a bar su da yunwa, don su tsotse abin da ke yawo a ruwan kafin gansakuka ta samu.

Sai kuma maganar kifi. Kifin koi na Japan da danginsa masu tono ne, bakinsu a ƙasa yake kullum. Wanda ya taɓa kiwon tarwaɗa ya san haka. Tukunyar laka a tafkin irin waɗannan kifaye, kwana kaɗan za ta yi su tone ta, ruwan ya zama kunu, matatar famfo ta toshe. Ƙwayar yumɓu kuma saboda ƙanƙantarta takan yi kwanaki ba ta kwanta ba.

Masu laka sun sake dawowa

Amsarsu ita ce, abokan gardamar sun haɗa laka da taki sun yi musu hukunci ɗaya. Ba wanda ya ce a kwashe ƙasar bola ko ta turken awaki a zuba a ruwa. Lakar da suke nufi ita ce ta ƙasa-ƙasa, wadda ake samu bayan an kankare bisan gona kamar tsawon hannu, mara ciyawa, mara taki, wadda maganin feshi bai taɓa ba. Irin wadda magina da masu ginin tukwane ke nema. Ita ba ta da ruɓaɓɓen abu mai yawa da zai shanye iska.

Sun kuma ce ba a shimfiɗa ta a gindin tafki gaba ɗaya. A tukunya ake sa ta, ko a kwandon roba da aka shimfiɗa wa yankin buhun algarara don kada ta zurare. A danna ta sosai, a jiƙa ta kafin a nutsar, a rufe samanta da tsakuwa kaurin yatsa biyu, in akwai manyan kifaye a ɗora duwatsu. Idan za a ba da taki, ƙwaya ake cusawa can cikin lakar kusa da saiwa a toshe ramin. A haka, in ji su, abin da ke tserewa zuwa ruwa bai taka kara ya karya ba.

Game da rashin iska kuwa, suka ce bado ya daɗe da warware wannan. Hannun ganyensa bututu ne. Iska na shiga ta sababbin ganyaye, ta gangara zuwa gindi, ta fita ta tsofaffi, har wani kaso ya tsiyaya daga saiwa zuwa lakar da ke kewaye da ita. Tsiron da ke numfashi ta sama bai damu da ƙasa ta toshe ba.

Suna kawo misalin masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi. A 1999 wata masaniya Ba'amurkiya, Diana Walstad, ta fitar da littafi da ya girgiza wannan fage, inda ta nuna cewa ƙasar lambu kaurin inci ɗaya, a rufe ta da tsakuwa inci ɗaya, tana renon tsirrai sosai ruwan kuma ya zauna garau, muddin tsirran na da yawa. In hakan ya yiwu a akwatin da bai fi jarka uku ba, suka ce, me zai hana a tafki?

Akwai ma labarin badon da ya fi kowane ƙanƙanta a duniya, wanda aka gano a 1987 a bakin wani marmaro mai zafi a Ruwanda, ganyensa wani lokaci bai wuce faɗin farce ba. Masana sun yi ta fama da shi ya ƙi girma daga iri, sai a 2009 wani ma'aikacin lambun Kew da ke Landan, Carlos Magdalena, ya gane cewa ba nutsarwa yake so ba. Ya dasa shi a tukunyar ƙasa, ruwan ya tsaya daidai da fuskar ƙasar, shi ke nan ya kama. Wurin masu laka, wannan shaida ce cewa sai an koma ga yadda tsiro yake zaune a gidansa.

Masu tsakuwa ba su sauka ba

Suka ce duk waɗannan sharuɗɗa su ne matsalar. Ƙasa mara taki, mara feshi, a danne, a rufe, a nutsar a hankali: mutum nawa ne zai cika su duka? Mai lambun gida ba ya da ɗakin gwaji. Ƙasar da ya haƙo a bayan gida, bai san abin da aka zubar a wurin shekara goma baya ba. Tsakuwa kuwa a wanke ta kawai, an san abin da aka sa. Kuskuren mai tsakuwa shi ne tsiro ya rame, wanda ƙwayar taki ɗaya ke gyarawa. Kuskuren mai laka kuwa sai an kwashe ruwan tafkin kaf.

Sun ƙara da cewa tsirran ruwa da yawa ba ruwansu da ƙasa. Bahaushe ya riga ya faɗa, kainuwa dashen Allah: a saman ruwa take yawo, saiwarta na reto, daga ruwan take ci. Wasu ciyayin da ke nutse a ƙarƙashin ruwa ko saiwa ba su da ita. Tsirran bakin ruwa da yawa kuma a tsakuwa zalla suke bunƙasa in akwai kifi, domin kashin kifi da ragowar abincinsa taki ne da ke sauka kullum.

Hasali ma, in ji su, ƙoshi ne ke sa wasu tsirran su zama annoba. Wanda ya ga yadda kacalla ta mamaye magudanan ruwa a yankin Haɗejiya da Nguru, bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda ruwa ke zuwa, ya san abin da tsiro mai ƙarfin saiwa ke yi in ya samu ruwa zaunanne da laka. A ƙaramin tafki, irin wannan tsiro a laka zai fasa tukunya ya cinye fili cikin damina biyu. A tsakuwa girmansa na da linzami.

Sai wahalar jiki. Bado na bukatar a ɗago shi bayan 'yan shekaru a raba gindinsa. Tukunyar jiƙaƙƙiyar laka mai cin bokiti biyu, ɗago ta daga ruwa mai kai wa ƙugu aikin ƙarti ne. Shi ya sa wasu masu lambu a Amurka suka koma ga gasasshen yumɓu mai kamar tsaki, wanda ke kama sinadarai kamar laka amma ba ya narkewa ya dama ruwa.

Tankaɗe da rairaya

In aka auna maganganun, za a ga wasu sun tsaya da ƙafarsu, wasu sun rage ƙarfi. Maganar masu tsakuwa kan fosfaras ba ta da makawa: gwajin Ontario da abin da ya biyo bayansa sun tabbatar da ita, kuma shimfiɗa ƙasar gona a gindin ƙaramin tafki hanya ce ta kiran gansakuka. Maganar masu laka kan bado ita ma haka. Bado ta saiwa yake ci, kuma manyan lambunan da ke renonsa don fure a ƙasa mai nauyi suke yi. A tsakuwa zalla ba tare da taki ba, ganye zai yi ƙanana, fure ya yi wuya.

Za a kuma lura cewa sau da yawa ba tafki ɗaya suke magana a kai ba. Mai laka Monet yake tunawa, fure yake so. Mai tsakuwa ruwa garau yake so, wanda zai hango kifi ko kwaɗo a gindinsa. Tukunya ta rage tazarar da ke tsakaninsu, tunda tana ba da damar a sa laka inda bado yake kawai, sauran wurin a bar wa yashi da tsakuwa. Bado mai lafiya ma yana taimakon mai son ruwa garau, domin ganyensa na tare rana, gansakuka kuwa ba ta yi sai da haske.

Wanda zai yi amfani da ƙasar gidansa yana da gwaji biyu masu sauƙi. Ya jiƙa ta ya dunƙula: in ta mulmulu ta zauna kamar curin fura, akwai yumɓu, in ta warwatse, jigawa ce. Sannan ya zuba kaɗan a kwalba da ruwa, ya girgiza ya ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti guda, turɓaya cikin sa'o'i, yumɓu sai ya kwana ko fiye. Abin da ya taso sama yana yawo, shi ne zai ruɓe. In ya yi yawa, a nemi wata ƙasar.

Inda magana ba ta ƙare ba shi ne zafi. Yawancin shawarwarin ɓangarorin biyu a ƙasashen sanyi aka rubuta su, inda tafki ke barci wata huɗu ko biyar a shekara. A Kano ko Maraɗi ba haka ba ne. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, ruɓa na sauri, gansakuka na haihuwa ba hutu, kuma duk ruwan da rana ta shanye a watan Afrilu yana barin gishirinsa a baya. Wannan na ƙarfafa masu tsakuwa. Amma zafin nan dai shi ke sa bado ya girma da gaggawa ya nemi abinci fiye da na Turai, abin da ke ƙarfafa masu laka. Ƙurar hunturu ma tana sauka a ruwan ta zama siririyar laka a gindi, ko mai tafkin ya so ko bai so ba.

Kududdufan cikin birni da tafkunan daji suna nuna fuskokin biyu. Dukansu laka ce a gindinsu, domin kududdufi ramin da aka haƙi ƙasar gini ne. Amma wanda ruwan kwata ke kwarara cikinsa kore ne mai wari, na daji kuwa da ruwan sama kaɗai ke cika shi yakan fitar da farin bado har ƙarshen kaka. Mai laka zai ce ga shi nan, laifin ba na ƙasa ba ne, na abin da ake zubawa ne. Mai tsakuwa zai ce tafkin daji yana bushewa duk rani ya sabunta, na siminti kuwa ba ya samun wannan hutu.

Mai gidan da ke da baho biyu da gindin bado biyu zai iya raba gardamar a tsakar gidansa: ɗaya a lakar ƙasa-ƙasa da aka rufe da tsakuwa, ɗaya a tsakuwa da ƙwayar taki, duka a rana ɗaya da ruwa ɗaya. Zuwa ƙarshen damina zai ƙirga furanni, ya kuma duba ko yana iya hango gindin bahon. Mai yiwuwa baho ɗaya ya ci ƙirgen fure, ɗayan ya ci na hasken ruwa, a bar shi da zaɓar wanda zai fi son gani in ya fito da safe.